Maganin zafin ciwo: tsakanin tsoron lokotoro da kukan maras lafiya

Cikin shekara ta 2025 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, mai mazauni a Jeneba, ta fitar da sabuwar takardar shawara zuwa ga gwamnatoci bisa magungunan nan da doka ta ɗaure, irin su morfin da danginta. Abin da ta nema a ciki shi ne kowace ƙasa ta tsara dokokinta yadda magani zai isa ga wanda ciwo ya kayar ba tare da ya zube cikin kasuwa ba. Takardar ta maye gurbin wata ce ta 2011, wadda ƙungiyar ta janye da kanta a 2019, bayan da wasu ƴan majalisar dokokin Amurka biyu suka zarge ta da cewa hannun masu sayar da magani ya shiga cikin rubutunta. Shekara shida aka yi kafin a sami madadinta, kuma wannan jinkiri kaɗai ya isa ya nuna nauyin maganar.

Tushen wahalar daɗaɗɗe ne. Zafin jiki yana da ma'auninsa, hawan jini yana da nasa, ƙwayar masassara kuma ana ganinta cikin ɗigon jini. Zafin ciwo ba shi da ko ɗaya daga ciki. Iyakar abin da lokotoro zai iya shi ne ya tambayi maras lafiya, ya ce mashi ya kwatanta zafin daga sifiri zuwa goma, sa'an nan ya yarda da amsar ko ya ƙi yarda. In ƙafa ce ta karye, babu gardama, ga hoton ƙashi nan. Amma mutumin da bayansa ya shekara biyar yana ciwo, ko matar da ɓarin kanta ke sara kwana goma cikin kowane wata, ba su da shaida sai bakinsu. Masana suna kiran ciwo da sunan mai naci in ya wuce wata uku bai saki mutum ba. Masu irin wannan ciwo su ne suka fi yawan komawa gidan likita, su ne kuma aka fi saurin gajiya da su.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Babu ƙasar da ta gwada ɓangarorin kuskuren nan biyu a jere kamar Amurka, saboda haka labarinta ya cancanci a tsaya a kansa.

A 1996 wani kamfani mai suna Purdue Pharma, mallakar iyalin Sackler, ya shigo kasuwa da ƙwayar OxyContin, wadda take daga dangin ofiyam kamar morfin. Wakilansa suka bi lokotoro ɗaki ɗaki suna gaya masu cewa cikin mutum ɗari da za su sha ta, wanda jarabarta za ta kama bai kai ɗaya ba. A daidai wannan zamani ne asibitocin ƙasar suka ɗauki al'adar tambayar kowa ƙarfin ciwonsa kamar yadda ake auna bugun zuciya. Niyyar mai kyau ce, domin kafin nan an daɗe ana barin mutane cikin azaba, amma ta faɗa hannun ƴan kasuwa. A 2007 kamfanin da manyansa uku suka amsa laifin yaudara gaban kotu, aka ci su tarar dalar Amurka miliyan 634. Wannan bai tsayar da komi ba: a 2012 an rubuta takardar magani, wato ordonansi, har miliyan 255 ta magungunan dangin ofiyam, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan 315 ba. Dubban mutane da suka shiga asibiti da ciwon baya ko na haƙori suka fito da jarabar da ta kai su kabari.

Daga nan sai aka juya. Cikin watan Maris na 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ba lokotoro shawara su yi hattara in abin da maras lafiya ke sha a yini ya kai kwatankwacin miligiram 50 na morfin, su kuma guji kai shi 90 sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Shawara ce, an kuma yi ta ne domin ƙananan gidajen likita. Amma jihohi da dama suka ɗauki lambobin suka mayar da su doka, kamfanonin inshora suka ƙi biyan abin da ya haura, wasu farmasi suka ƙi sayarwa, ƴan sandan yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuma suna kama lokotoro suna kai su kotu. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokotoro da yawa suka ga abin da ya fi masu sauƙi shi ne su rabu da masu ciwo mai naci gaba ɗaya. Mutanen da suka shekara goma ko ashirin suna shan magani bisa ƙa'ida, suna zuwa aiki, suna riƙe da gidajensu, aka wayi gari an rage masu rabi ko an yanke masu baki ɗaya.

Jikin da ya saba da irin wannan magani ba a raba shi da shi dare ɗaya. Mutum zai kama amai da gudawa da rawar jiki, barci ya ƙaurace mashi, ciwon asali kuma ya dawo fiye da da. Cikin watan Afirilu na 2019 hukumar kula da magunguna, FDA, ta fito fili ta yi gargaɗi cewa ta sami rahotannin mutanen da aka yanke ma magani kwatsam, wasunsu har sun kashe kansu. A shekarar nan kuma waɗanda suka rubuta shawarar 2016 suka ce an yi mata mummunar fahimta, CDC ma sai da ta rubuta wasiƙa ta bayyana cewa ba ta nufin a hana masu ciwon daji da masu amosanin jini maganinsu. Cewa har sai an rubuta irin wannan wasiƙa, ya nuna an riga an hana su.

To, ko yanke maganin ya rage mace-mace? Yawan ordonansi ya sauko zuwa wajen miliyan 143 a 2020. Amma waɗanda shan ƙwaya fiye da kima ya kashe sun tashi daga wajen 63.600 a 2016 zuwa fiye da 106.000 a 2021, domin kasuwar ta riga ta koma hannun masu fataucin fentanil, wani sinadari da ya ninka morfin ƙarfi sau 50 zuwa 100, wanda ba ya biyowa ta hannun lokotoro. An gudu gara an faɗa gidan zago. Sai daga 2023 adadin ya soma sauka, ya komo wajen 80.000 a 2024. A watan Yuni na 2022 kotun ƙolin ƙasar, cikin shari'ar da ake kira ta Ruan, ta yanke cewa ba a ɗaure lokotoro bisa ordonansi sai an tabbatar yana sane ya saɓa wa iznin aikinsa. A watan Nuwamba na shekarar kuma CDC ta sake shawararta, ta cire lambobin nan daga cikin umurnin, ta ce a dubi kowane maras lafiya da halinsa, kada a yanke ma kowa magani kwatsam. Sai dai dokokin da jihohi suka gina bisa tsohuwar shawarar ba su rushe tare da ita ba, kuma tsoron da ya shiga zuciyar lokotoro takarda ɗaya ba ta fitar da shi.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa domin adalci ga lokotoro. A 2018 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka bisa mutum 240 masu ciwon baya, ko na ƙugu, ko na gwiwa. Rabinsu aka ba su dangin ofiyam, rabi aka ba su sauran magunguna irin su parasetamol da ibuprofen. Bayan wata 12 waɗanda suka sha mai ƙarfin ba su fi sauran iya tafiya ko aiki ba, sun dai fi su shan wahalar illolin magani. Saboda haka lokotoron da ya ƙi soma ba mai ciwon baya morfin yana da hujja. Wanda ba shi da hujja shi ne wanda ya ƙi, ya kuma sallami mutum hannu wofi.

CIWON ƁARIN KAI

Ciwon ɓarin kai, wanda Turawa ke ce ma migiren, shi ne ya fi fito da wannan bambanci a sarari, domin a nan maganin da ya fi ƙarfi shi ne ya fi ɓarna. Mutane fiye da miliyar ɗaya ke fama da shi a duniya, mata kuma sun ninka maza wajen sau uku. Yakan kama daga awa 4 har zuwa kwana 3, sau da yawa ɓari ɗaya, yana bugawa kamar ana daka, tare da tashin zuciya, mutum ba ya son haske ba ya son ƙara. Wasu kafin ya zo sukan ga walƙiya ko zane-zane a ido. Rashin barci, wuce lokacin abinci, ƙishirwar watannin zafi da zuwan al'adar mata duk suna tayar da shi. Da yake ba ya kisa kuma ba ya barin tabo, a gida ana ce ma mai shi raggo ko mai son jiki, a wurin aiki a ce ya faye neman hutu.

Maganinsa hawa biyu ne. Na farko shi ne na kashe ciwon in ya taso: aspirin, ko ibuprofen, ko parasetamol, a sha tun da farinsa kuma a sha adadin da ya isa, tare da maganin amai in da bukata. In waɗannan suka kasa, akwai wani dangi da aka ƙera musamman domin wannan ciwo, ana kiransu tiriptan. Na farkonsu, sumatiriptan, ya fito tun 1991, amma sai a 2021 OMS ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Ba a ba mai ciwon zuciya shi, ko wanda hawan jininsa bai kwanta ba. Hawa na biyu shi ne na rigakafi, ga wanda ciwon ke kayarwa sau da yawa cikin wata: ƙwaya ce da ake sha kullum, ko da ciwo ko babu, kamar puropuranolol ko amitiriptilin, tsofaffin magunguna masu araha. Akwai sababbin allurai na wata-wata da suka fito daga 2018, amma ta farkonsu ta shigo kasuwar Amurka bisa dala 6.900 a shekara, wato kusan miliyan 4 na sefa, saboda haka maganarsu ba ta talaka ba ce tukuna. Abin takaici shi ne masu arahar ma ba a faye rubuta su ba, domin rubuta su yana bukatar a zauna a saurari mutum, a kuma ce ya dawo bayan wata biyu a ga yadda ya yi.

Ga kuma tarkon da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda yake shan parasetamol ko aspirin kwana 15 ko fiye cikin wata, ko kuma tiriptan, ko kodin, ko tramadol kwana 10 ko fiye, har wata uku a jere, maganin da kansa yakan koma shi ne mai haddasa ciwon kan. Sai mutum ya riƙa tashi da shi kowace safiya, ya ƙara ƙwaya, ciwon ya ƙara zama. Mafitarsa ita ce a tsayar da ƙwayar a soma rigakafi, kuma makonnin farko suna da wuya. Mai tallar magani a faranti ba zai taɓa faɗa ma mai saye wannan ba.

Ba kowane ciwon kai ne ake jira da shi ba. Wanda ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da mutum bai taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, abin da duk mutumin Sahel ya san alamar sanƙarau ce, ko ya zo da mutuwar ɓarin jiki, ko ya kama mace mai tsohon ciki tare da kumburi, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti nan take.

INDA MAGANIN MA BABU

A Afirka matsalar ta sha bamban da ta Amurka, ko da yake tsoron iri ɗaya ne. A 2017 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 61 ne kowace shekara ke cikin tsananin wahalar ciwo mai bukatar a sauƙaƙa masu, kuma cikin tan 298,5 na morfin da danginta da ake rabawa a duniya, abin da ke isa ƙasashe mafi talauci tan 0,1 ne. Ba tsada ce ta hana ba. Morfin tana cikin jerin OMS tun na farko, na 1977, ba ta da mai ita, garinta kuma yana da araha. Kwamitin ya ce dalar Amurka miliyan 145 a shekara za ta toshe giɓin a dukan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

A Nijar masu bukatarta ba a ɓoye suke ba. Akwai masu ciwon daji, waɗanda yawancinsu ba sa isa cibiyar Yamai sai cutar ta yi nisa. Akwai masu amosanin jini, wanda ake ce ma emasi, a ƙasar da ake ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da gadonsa. Yaron da ciwon ya tasar ma cikin dare a wani ƙauyen Dakoro ko Magariya, parasetamol ba ta isarsa. Akwai waɗanda wuta ta ƙona, da waɗanda hatsarin mota ya kakkarya. A kan wannan kuma ga tarbiyyar dauriya: an hori mutum tun yana ƙarami cewa kuka da ciwo abin kunya ne, in an tambaye shi yaya jiki sai ya ce da sauƙi ko da yana cizon haƙori. Ma'aikacin da ke da layin mutum sittin a ƙofa yakan karɓi wannan amsa da godiya.

Giɓin da gidan likita ya bari, kasuwa ta cike shi da tramol. Tramadol magani ne na gaskiya, wani kamfanin Jamus ya fito da shi a 1977, a asibiti ƙwayarsa miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa tana zuwa da 200, da 225, har 250, kuma masu shanta ƴan kabu-kabu ne, da masu dako, da ƴan ƙwadagon noma da ke son su yini ba su ji gajiya ba. In ta yi yawa takan kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. Bayan da Indiya ta tsaurara fitar da ita a 2018, masu fataucin suka koma ga tapentadol haɗe da wani maganin sake jijiya, har wani binciken BBC na farkon 2025 ya sa Indiya ta hana yin haɗin. Yaƙi da wannan annoba wajibi ne. Amma a nan ne darasin Amurka yake da amfani: ƙwayar tasha ba daga ordonansi ta fito ba, kuma a wurare da yawa tramadol ta asibiti ita kaɗai ce abin da ke tsakanin parasetamol da babu. In tsaurarawa ta faɗa kan farmasi ta bar mai faranti, an hukunta maras lafiya ne a kan laifin ɗan fasa-ƙwauri.

Yuganda ta nuna akwai hanya. A 1993 wata lokotoro mai suna Anne Merriman ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Kampala, ta kuma sami yardar gwamnati a shigo da garin morfin a riƙa dama shi da ruwa a zuba a kwalba, a sa mashi launi domin a bambanta mai ƙarfi da maras ƙarfi, maras lafiya ya tafi da shi gida yana sha da awo. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman iznin rubuta shi, da yake lokotoro ba su isa ƙauyuka ba, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin ba da shi kyauta. Ruwan morfin mai rauni ba shi da farashi wurin masu shaye-shaye, kuma tsoron da aka yi na cewa zai cika kasuwa bai tabbata ba. Ruwanda ta bi sahu daga baya. Ga ƙasa kamar Nijar, inda mafi yawan cibiyoyin lafiya na karkara ma'aikatan jinya ne ke riƙe da su, gyaran dokar 2004 shi ne abin dubawa, fiye da kwalbar kanta.

Maras lafiya ma yana da rabonsa na aiki, kuma a nan ne karatun yaƙi da jahilci yake biyan mai shi. Wanda ya zo gidan likita ya ce kansa yana ciwo kullum, za a ba shi abin da ake ba kowa. Wanda ya zo da ƴar takarda ya rubuta ranakun da ciwon ya kama shi cikin wata biyu, awa nawa ya yi, ƙwaya nawa ya sha da sunanta, da ranakun da ya kasa zuwa gona ko ofis, ya ba lokotoro abin da ya fi kusa da ma'auni. Ya kamata ya faɗi gaskiya har da tramol ɗin da ya saya a kasuwa, domin ɓoye ta na iya sa a haɗa mashi ita da maganin da ba su jituwa, kamar amitiriptilin. Ya fi mashi amfani ya tambayi sunan ciwonsa da ranar da zai dawo, da ya nemi wata ƙwaya da sunanta, abin da ke sa ma'aikaci ya soma zarginsa. In kuma an ce babu abin da za a yi, yana da haƙƙin ya nemi a tura shi gaba.

Saura aikin ofis. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 bisa miyagun ƙwayoyi ta ɗora ma gwamnatoci nauyi biyu, hana fatauci da kuma wadata asibitoci, ko da yake na farkon ne aka fi tunawa. A ƙarƙashinta kowace ƙasa tana aika ma hukumar OICS da ke Viyana ƙiyasin morfin da za ta bukata a shekara mai zuwa, kuma ba ta da iznin shigo da abin da ya haura ƙiyasin. Ofisoshi da yawa suna cika takardar ne bisa abin da aka sha bara. In lokotoro bai rubuta ba saboda ya san babu a farmasi, farmasi kuma ba ta yi oda ba saboda ba a rubutawa, abin da aka sha bara zai fito ɗan kaɗan, ƙiyasin baɗi ya bi shi. OMS da OICS sun buga jagora tun 2012 mai nuna yadda za a yi lissafin bisa yawan marasa lafiya, kuma yarjejeniyar ta yarda ƙasa ta aika ƙarin ƙiyasi a kowane lokaci cikin shekara in na farkon bai isa ba.